Garken Baba na Cikin Gilashi

Ba don kifi aka sayi kyamarar ba. Don Baba aka saye ta, bayan ya zame a banɗaki wata safiya ya daɗe zaune a ƙasa, ya ƙi kiran kowa har sai da ya ja jiki ya tashi da kansa. Mu ba mu ji labarin ba sai bayan mako biyu, a bakin maƙwabciyarsa, wata dattijuwa 'yar Ibo mai ɗan shago a ƙofar gida, wadda duk layin ke kira Mama. Tun rasuwar mahaifiyarmu Baba shi kaɗai yake kwana a gidanmu na Abakpa Nike, a Inugu, abinci kawai ake kawo masa daga gidan wani ɗan'uwa. Yayana yana Anaca da iyalinsa. Ni kuma aure ya kai ni Fatakwal, inda nake da shagon atamfa kusa da Kasuwar Creek Road.

Yaya ya zo a fusace ya ce Baba ya haɗa kaya ya bi shi Anaca. Baba ya ce ko da wasa. Gidan nan ɗaki-ɗaki ya gina shi, a cikinsa aka haife mu, a ɗakin tsakiya matarsa ta cika, kuma masallacin da ya saba taku kaɗan ne daga ƙofa. Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan kyamara: za a kafa ta a falo tana kallon kujerarsa, mu riƙa dubawa ta waya, in muka ga abin da bai kwanta mana ba, to, zai bi Yaya ba tare da gardama ba. Baba ya ce Allah ya kai mu. Duk wanda ya san shi ya san bai amince da komai ba.

Yaya ya ɗora ta a kan kabad, ya haɗa ta da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta dame ta, ya koya mini ta waya yadda ake dubawa da yadda ake komawa baya a ga na kwanakin da suka wuce. Kafin motarsa ta isa Anaca na buɗe wayata a shago. Maimakon kujerar Baba, sai ga wani baki mai launin lemu ya cika fuskar wayar, yana buɗewa yana rufewa.

Na kira shi. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, ya tambayi maigidana, da yara, da kasuwa, da ruwan sama, don Baba ba a tsallake masa gaisuwa.

"Baba, kyamarar nan fa kifi take nuna mana."

"Na sani, Uwata. Ni na ajiye ta a nan." Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ai don kai aka sa ta."

"Me na sata? Ki gaya wa yayanki, in lafiyar mai dabba yake son sani, ya dubi dabbar. Ga su nan, ku yi ta kallo."

Da na isar da saƙon, Yaya ya yi tsaki ya ce, "Wallahi this old man go finish me. Ke da kike da lokaci, ki yi ta kallon kifi. In kin ga wani abu ki faɗa mini." Daga ranar bai ƙara buɗe abin a wayarsa ba.

Kifin suna da tarihi. Baba dillalin shanu ne, shekara da shekaru yana tarbar motocin da ke saukowa daga arewa yana haɗa fatake da mahauta. Da ƙafa ta fara gajiya ya bar kara, wato kasuwar shanu, wani mai otal da suka daɗe suna hulɗar nama zai rufe wurinsa, sai ya ba shi kyautar akwatin gilashi da kifi bakwai a ciki. Mun yi zaton mako guda zai yi ya bayar. Ashe ya sami sabon garke. Ya raɗa musu sunayen irin shanu: farin cikinsu ya ce Bunaji ne, ja mai dogon bindi Rahaji, wani ɗan dunƙulalle mai tumbi kuma Bokolo, wai shi ne marar ƙaho. Abokansa na masallaci suna tsokanarsa wai daga saniya ya faɗo kan abin da ko miya ba ya yi. Ya ce su dai su bari, waɗannan ba sa karya shinge.

Ina ƙarama nakan kai masa saƙo kara, kuma na san yadda yake aiki. Idan mota ta sauke shanu, sauran dillalai kan ruga su kama tozo, su ɗaga bindi, su buɗe baki. Baba ba ya zuwa. Benci yake samu wajen mai shayi, ya ba su gefen kafaɗa kamar ba ruwansa, yana kallonsu ta wutsiyar ido. Ya taɓa ce mini saniya in ta san ana kallonta miƙewa take yi, ta ɓoye abin da ke damunta. Sai jama'a sun watse za ka ga wadda ba ta tuƙa, da wadda ke ajiye ƙafa a hankali. Da wannan dabarar ya ci abinci har ya aurar da mu.

To, ni na fara kallon kifin ne da haushi. Na jingina wayar jikin wani turmin atamfa, in kasuwa ta yi sanyi in ɗan leƙa. Sautin na kashe shi, don babu abin da ake ji sai ɓur-ɓur ɗin injin iska. Ban san ranar da haushin ya fita ba. Fatakwal gari ne na hayaniya da ruwan sama, janareta a hagu, masu kifin gaske suna ihu a dama, ga warin bakin ruwa. Amma in na sunkuyar da kai, sai in faɗa wani wuri da babu ko tari. Da hantsi hasken taga kan ratso gilashin, ruwan ya koma kamar an zuba zuma, kifin su riƙa shiga hasken suna fita a hankali, bindinsu na binsu kamar mayafi. Kumfa na hawa, ba ta gajiya. Wani lokaci sai mai saye ta taɓa ni, "Madam, you dey sleep?" in farka ban san inda na je ba.

Sai na gane maganar Baba ta shanu har a kifi gaskiya ce. Duk zuwan da nake yi gida, ban taɓa ganinsu ba sai a cunkushe jikin gilashi suna roƙon abinci. In babu kowa kuwa, kowanne da harkarsa. Rahaji ɗan neman faɗa ne, ya sa Bunaji gaba ya yi ta korarsa daga bango zuwa bango. Akwai wani ƙarami da ke son tsayawa cikin kumfa, ta ɗaga shi sama, ya sauko ya sake shiga. Bokolo kuwa tsakuwa yake ɗauka a baki, ya juya ta, ya tofar, ya ɗauki wata. Da safe nakan koma baya in ga na dare, hoton ya zama toka-toka, su bakwai sun sauka ƙasa sun tsaya cak, idanu a buɗe, fiffike na motsi kaɗan-kaɗan. Ban taɓa sanin kifi na barci ba sai a wannan wayar.

A hankali kuma na fara ganin Baba, ko da yake fuskarsa ba ta taɓa shiga hoton ba. In ya buɗe ƙofar falo, wani siririn haske kan faɗo kan tsakuwa, in san ya tafi masallaci ko ya dawo. Kifin sun fi ni saninsa. Tun kafin ya iso sukan ji takunsa, sai ka ga sun bar komai sun ɗunguma kusurwar dama ta sama. Jim kaɗan hannu ya leƙo, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa, yatsu uku su murza abinci a kan ruwa, ya janye. Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar, ba ya saɓawa. Na san hannun nan fiye da yadda na san shi ina gida. In ya yanke farce na sani. In ya sa sabuwar riga, na ga bakin hannunta.

Bayan magariba yakan kira ni karɓar rahoto. "Uwata, me garke ya yi yau da na fita?" In ba shi labari, ya yi ta dariya. Da na faɗa masa Bokolo na tauna tsakuwa, ya ce, "Tuƙa yake, lafiyarsa ƙalau." Da na kai ƙarar Rahaji, ya ce jajayen nan dama haka suke ko a daji. Mahaifina ba mai hira da 'ya'ya mata ba ne. Na girma ina gaishe shi a durƙushe in tashi in ba shi wuri. Sai ga shi a tsufansa muna shan hira bayan magariba kan gulmar kifi, kuma ba na jin na taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata ta aure kamar wannan kiran. Yaya in ya tambaya, in ce lafiya lau, kuma gaskiya nake faɗa.

Da farkon damina ne na ga hannun ya zo sau biyu da safe ɗaya. Na ce ƙila na farkon bai ishe su ba. Bayan kwana uku ya zo bayan asuba, ya dawo kafin hantsi, ya sake dawowa kafin azahar. Kifi ba su san ƙoshi ba. Duk lokacin da suka ji taku sai su ruga kusurwar dama kamar sun kwana da yunwa, shi kuma hannun ya ba su. Na koma baya na kalla, na sake kalla. Murzawar iri ɗaya ce, a natse, babu gaggawa, hannun mutumin da yake ganin yanzu ne ya fara.

Na tsorata. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na yi shiru.

Na san abin da zai biyo baya in na buɗe baki. Yaya ba ya jira, washegari zai iso da mota, a rufe gidan Abakpa da kwaɗo, a kai Baba wani ɗaki a bene na biyu a Anaca inda bai san kowa ba. Na ce wa kaina mutuncinsa nake karewa. Akwai wannan. Amma akwai kuma son kai, don ban so a rufe mini 'yar tagar nan ba, ban so kiran magariba ya ƙare ba.

Sai na koma dabaru. Na ce masa na ji an ce kifi a damina ba sa son abinci da yawa. Ya ce shi ai sau biyu yake ba su tun da can. Na roƙi Mama ta riƙa taimaka masa wajen canza ruwan kifin, ta ce ba damuwa, ta ƙara da cewa, "Your papa dey fine o, na only say e greet me three times this morning." Na yi dariya tare da ita. A waya kuwa Baba garau yake. Ba ya kuskure sunan jika ko ɗaya, yana ba ni labarin huɗubar Juma'a daki-daki. Ya san ana kallonsa, ya miƙe.

Ruwan ya fara dushewa. Hasken hantsi da ke zama zuma ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, kifin suna fitowa daga hazo suna komawa. Abincin da ba a ci ba ya kwanta kan tsakuwa ya yi gashi. Ƙaramin ya daina wasa da kumfa. Da magariba in ce wa Baba garke lafiya, da dare in ce wa Yaya Baba lafiya, in kwanta ina jin haushin kowa, har maigidana da bai yi mini komai ba.

Bokolo ya daina ɗaukar tsakuwa. Ya fara karkata gefe guda, ya yi ƙoƙarin nutsewa ruwa ya dawo da shi sama. Ranar wata Alhamis ina auna wa wata mata yadi shida, ido ɗaya a kan waya, na ga ya juya ciki sama ya bar motsi. Ruwa ya ɗauke shi a hankali ya kai shi kusurwar dama. Ina riƙe da almakashi sauran shida suka taso, hannun ya leƙo, ya murza abinci a kansu duka, har da mataccen, ya janye. Na ajiye almakashin na ce wa matar ta yi haƙuri. Washegari da sassafe na hau motar Inugu.

Na sauka daga okada na tarar da shi a ƙofar gida cikin farar riga da hula, ya dawo daga Juma'a. Ya yi murna, ya yi faɗan ban sanar ba, muka gaisa kamar kullum. Gidan a share, butarsa a cike, babu abin da mai shigowa zai gani. Sai da na ci abinci ya ce, "Bokolo ya mutu."

"Na gani, Baba. Allah ya mayar da alheri."

"Ba mutuwar ce ta dame ni ba. Tun da nake, dabba ba ta taɓa mutuwa a hannuna ban san abin da ya kashe ta ba." Ya dubi kyamarar, tana nan kan kujerar tsuguno inda ya ajiye ta. "Abin nan naku, yana riƙe abin da ya wuce?"

"Kaɗan yake riƙewa."

"Uwata."

Sau ɗaya ya kira, ban iya ƙara wata ƙarya ba. Na ciro wayar, na koma ranar Laraba, na matso kusa da shi. Ya sa tabarau. Sai ya gyara zama ya ba wayar gefen kafaɗa, yana kallonta ta wutsiyar ido, daidai yadda yake yi a bencin mai shayi. Na ji hawaye ya taho, na danne.

Ga toka-tokar asuba, ga siririn haske a kan tsakuwa, ga kifi sun taso. Hannu ya zo. Baba ya gyaɗa kai. Na tura gaba kaɗan. Kifi suka sake tasowa, hannu ya sake zuwa.

"Wa ke shigo mini ɗaki?"

Ya matso da fuskarsa. A karo na uku hasken taga ya bugi zoben, ya yi ƙyalli. Baba ya dubi wayar, ya dubi ƙaramin yatsansa, ya sake duban wayar.

"Ci gaba," ya ce.

Muka kalli Larabar nan har darenta. Bai ce in tsaya ba, ni ma ban tsallake ko ɗaya ba. A falon babu abin da ake ji sai injin iska, a waje ruwa ya fara sauka kan kwano. Da hoton ya koma toka-toka ya cire tabarau ya naɗe shi a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Kin gani."

"Na gani."

"Yayanki fa?"

"Ban faɗa masa ba."

Ya ajiye tabarau a gefe. Sannan ya ce, "A kara, wanda ya ga ciwo a jikin dabba ya rufe, ba ma ƙara zama da shi a benci ɗaya." Na sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, kafin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, ya isa. Na san don ni kika yi. Amma kin ga wanda ya biya."

Ya juya yana kallon shidan da suka rage suna yawo cikin hazonsu. "Mai kifin nan ba shi da lafiya. Da wani ne ya kawo mini shi, da tuni na ce a ware shi a sa masa ido. Kira yayanki, ki ce ya zo da mota ranar Lahadi. Waɗannan kuma ke za ki tafi da su, kin fi kowa sanin halinsu."

Na ce ko a jira, ko a samo wanda zai riƙa kwana da shi, ko ni in riƙa zuwa duk mako. Ya ɗaga mini hannu. Yadda bai taɓa sauraron roƙo a kan saniyar da ya riga ya yanke wa hukunci ba, haka bai saurare ni ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, wai zai mayar da kyamarar kan kabad inda Yaya ya sa ta tun farko. Taku biyu ya yi, kifin suka ji shi. Suka bar duk abin da suke yi suka ɗunguma kusurwar dama, baki na buɗewa. A karo na farko na ga abin da ke wajen hoton: na ga fuskarsa ta saki, na ga murmushin da yake yi musu, na ga hannunsa ya tafi da kansa ya ɗauki gwangwanin abinci ya buɗe murfi. Yatsu uku sun riga sun shiga ciki sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni.

"Uwata, na ba su?"

"Ka ba su, Baba."

Ya karkaɗe yatsunsa a cikin gwangwanin, ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu.